Kafin magidanci ya zuba kuɗinsa a parsel

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ɗan sam mana fili a jaridarka, tunda shi dai filin jarida ba a tambayar takardarsa. Mu masu wannan wasiƙa magina ne da masu awon filaye a nan Yamai, kuma maganar tamu da sabon magidanci ce: wanda ya yi aure shekara uku ko biyar, yara sun fara zuwa, ɗaki da falon haya ya matse shi, mai gida kuma ya aiko cewa daga wata mai kamawa an ƙara kuɗi. Irin wannan mutum idan dillali ya raɗa masa cewa ga parsel, wato yankakken filin gini, mai araha can bayan gari, ba ya ƙara jin maganar kowa. To a nan yawanci ake karyewa. Kuɗin sayen fili sau ɗaya ake biyansa, amma kuɗin zama a cikin filin kullum garin Allah ya waye sai an biya, kuma shi ne mutane ba sa lissafawa.

A fara da aljihu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun daga Janairun 2024. Malamin makaranta, ɗan kasuwar Katako mai tebur ɗaya, direba, tela, duk wanda ka ɗauka, abin da zai iya ajiyewa a wata bayan shinkafa da haya da magani ba shi da yawa. Banki kuwa galibi ba ya yarda ya cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashi. A ce mutum ya karɓi bashin miliyan 5 na shekara 7 da ruwa kashi 10 cikin 100. Kowane wata zai biya kamar jika 83, kafin ya gama ya mayar da kusan miliyan 7. Don banki ya yarda da jika 83 ɗin nan, sai albashinsa ya kai wajen jika 250. Mutum nawa ne a layinku ke ɗaukar haka? Ga kuɗin buɗe takardu da inshorar rai da ake ɗorawa a kai. Ƙananan asusun bashi sun fi sauƙin shiga, amma doka ta ba su damar kaiwa har kashi 24, kuma wa'adinsu gajere ne. Kuɗin jari ne, ba na gini ba. Wanda ke ƙyamar riba yana iya zuwa Bankin Musulunci na Nijar ya tambayi murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar masa da riba sananna. Ko can ɗin, abin tambaya ɗaya ne: jimilla nawa zan biya daga farko har ƙarshe? A sa su rubuta adadin a takarda. Akwai Bankin Gidaje na Nijar, akwai SONUCI mai gina gidaje tana sayarwa, sai dai ƙofofin nan sun fi buɗuwa ga mai albashin da ke ratsawa ta banki. Sauran jama'a adashe ne bankinsu, da ɗan abin da ƙane ya aiko daga Abijan ko Libiya.

Saboda haka gidan talaka ba a gina shi rana ɗaya, a hankali ake ɗora shi, shekara biyar, shekara takwas. Wannan ba abin kunya ba ne. Amma mai gini a hankali ba shi da kuɗin gyara kuskure, don haka tilas ya bi abubuwa daki-daki: wuri tukuna, sannan takarda, sannan ruwa, sannan birki.

Maganar wuri. Dillalai sun fi son nuna fili a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ko'ina ƙasa ta bushe ƙamas, kwari da tudu duk ɗaya suke a ido. Mai hankali watan Agusta yake zuwa, washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafarsa, ba a cikin motar dillali ba. Idan ba zai iya jiran damina ba, ƙasa ba ta ɓoye labarinta. Ƙasa baƙa mai tsagewa kamar bayan kunkuru laka ce, ruwa na kwana a kanta, tana kumbura da damina tana motsewa da rani, ita ce ke tsaga bango daga tushe har sama. Farin rairayi mai laushi da ya kwanta a miƙe kamar an share, hanyar ƙorama ce, ko da yau babu ɗigon ruwa. A duba katangun maƙwabta: layin danshi ko farin gishiri a gindin bango yana nuna inda ruwa ya tsaya bara. A duba ko mutanen layin sun jera buhunan rairayi a ƙofar gida. A tambayi mai shagon kusurwa da matan da ke ɗibar ruwa, su ba su da kamisho a cinikin.

Mutanen Yamai ba sa bukatar a tuna musu da ambaliyar 2012 da ta 2020. A Satumban 2020 kogin Kwara ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi daga 620 yake farawa. Madatsa ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, su Lamorde da Karaje da Kirkisoye, ya taɓa Saga a wannan gaɓar. Damina ta 2024 kuma ta nuna cewa ba sai kana bakin kogi ba: ruwan sama kaɗai ya rusa gidaje a ƙasar nan ba adadi, a wuraren da aka toshe masa hanya da gini. Kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari shi ma yana da nasa haƙƙin, duk shekara yana zuwa karɓa. Ba muna cewa kada kowa ya zauna ƙetaren kogi ba. Akwai tudu mai kyau a can, ga jami'a, ga gada uku yanzu, ta Kennedy, da ta biyu ta 2011, da ta Janar Seyni Kunce ta 2021. Muna cewa ne a unguwa guda, layi biyu a jere, ɗaya lafiya lau ɗaya tafki. Sunan unguwa ba ya isa a yanke shawara, sai an taka filin kansa.

Sai nisa. Nan ne arahar ke komawa tsada. A ce akwai parsel biyu, ɗaya kusa da kwalta da famfo, ɗaya can ciki inda taksi ba ya shiga sai kabu-kabu, kuma na cikin ya fi sauƙi da miliyan 2. Idan zaman can ya ƙara wa gida jika ɗaya da rabi a rana na sufuri, maigida zuwa aiki, uwargida zuwa kasuwa, yara zuwa lakwal, a kwana 26 an kashe jika 39. A shekara jika 468. Kafin shekara biyar miliyan biyun nan sun tafi har da ƙari, ba a sa lalacewar babur a cikin rairayi ba. Ruwa ma haka. Gida mai mutum shida yana shan bido 10 na lita 25 a rana ba tare da almubazzaranci ba. Idan ɗan garuwa na kawo bido a dala goma, rabin jika ke nan a rana, jika 15 a wata. Ruwan nan dai, mita kub 7 da rabi ne a kwantar, wanda mai famfo a gida ba zai biya fiye da jika ɗaya zuwa biyu a kansa ba. Shi kuma gini kansa ruwa yake sha kamar raƙumi: bugun birki, kwaɓi, ban ruwa. Wuta kuma, idan layi bai iso ba, a ƙirga poto nawa ne tsakanin filin da na ƙarshe, don mai nema ne ke ɗaukar nauyin jawowa, sai fa in maƙwabta sun haɗa hannu. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi: naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare a watan Agusta, mota za ta iya isowa ƙofar gidan? Wanda bai amsa wannan ba bai gama duba fili ba. Kuma a tafi da uwargida ranar dubawa. Ita za ta wuni a wurin, ita ta san nisan injin niƙa da asibitin awo; maigida da safe ya fice sai dare.

Yanzu takarda, inda aka fi zubar da hawaye. Takardu uku ne ke yawo a hannun mutane, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai takardar shaidar gado ta gargajiya, wadda mai gari ko mai unguwa ke sa wa hannu, tana cewa gonar nan ta gidan su wane ce. Wannan gona ce, ba parsel ba. Ranar da lotisma ta iso, wato yankan filaye zuwa parsel-parsel, za a fitar da tituna da filin makaranta da na kasuwa, mai gona a ba shi wani kaso, kuma ba lalle abin da ka saya ya faɗo inda ka kafa bukkarka ba; ana iya wayar gari ɗakinka na tsakiyar titi. Akwai akt-da-sesiyo, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka fili, mai ɗauke da sunan lotisma, lambar ilo, wato rukunin filaye, da harafin parsel. Yawancin gidajen Yamai a kanta suke zaune. Sannan akwai titir fonsiye, wadda sashen kadastar na ma'aikatar haraji ke bayarwa, ita ce mai ƙarfin da ba a ja da shi, ita ce kuma banki ke karɓa jingina. Tun 2006 aka fito da sauƙaƙƙiyar hanyar samunta da ake kira Sheda, amma har yau mutane da dama na ganin ta masu kuɗi ce, suna barinta sai rigima ta taso.

Abin da ke faruwa shi ne parsel ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku, kowa da takardarsa mai hatimi. Wani lokaci takardar ta gaske ce amma mai sayarwa ba shi ne mai ita ba. Wani lokaci an ce ta ɓace, an karɓo kwafi, an sayar da kwafin ga wani, asalin ga wani. Wani lokaci lotismar kanta ba ta da izinin hukuma, ko an yanka ta a cikin filin da aka keɓe, irin dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewayen Yamai tun 1965, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Wani lokaci kuma takarda lafiya, fili lafiya, sai dai filin da aka nuna maka ba shi ne na cikin takardar ba: an kai ka bakin hanya, lambarka kuwa tana cikin kwazazzabo.

Maganin duk wannan ba ya wuce zirga-zirgar mako biyu. A karɓi hoton takardar, a je da kai ofishin filaye na magajin gari, ba a aiki dillali ba, a ga cewa sunan da ke cikin rajista shi ne na mai sayarwa, kuma babu wata ƙara ko jingina a kai. A nemi taswirar lotisma, a ɗauki mai awo wanda kai ka biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya nemo bornoni huɗu, wato alamun iyaka na kusurwa, ya ja mita. Parsel mai murabba'in mita 300 yawanci 15 ne a kan 20. Idan aka auna aka ga 13 da rabi, to maƙwabci ya riga ya ci, kuma da kai za a yi shari'ar. A haɗa fuskar mai sayarwa da katin ɗan ƙasarsa. Idan wakili ne, ina takardar wakilci? Idan filin gado ne, ina takardar magada daga kotu, ina sa hannun dukkansu, har da matan da ke aure a wani gari da ɗan da ke ci-rani? Magaji ɗaya da ba a tambaya ba ya isa ya tsayar da gini bayan an kai linta. Kuɗi kuma a gaban notar ake biya, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, ko aƙalla ta banki inda sawu zai zauna, ba a cikin mota da leda baƙa ba. Daga nan a yi canjin suna nan take. Mutane na jin nauyin kuɗin notar da na canjin suna, su ce sai an samu sarari. Takarda ta shekara goma da sunan wani, mai sunan ya rasu, ƴaƴansa su ce ba su san zancen ba. A kuma karanta sharaɗin raya fili da ke jikin takardar, don kango da aka bari shekaru babu ko tubali yana jawo idon ɓarayin filaye, wani lokaci har na hukuma.

Wata magana da ba a son yi a gida: idan kuɗin uwargida ya shiga, adashenta ne ko awakinta ko ƴan kunnenta na zinariya, a rubuta. Ko a sa sunaye biyu a takarda, ko a yi shaidar bashi gaban shaidu. Ba rashin yarda ba ne. Ranar rabon gado ba a tambayar wanda ya sayi kwano, sunan da ke takarda ake dubawa. Haka wanda ya zaɓi ya gina ɗaki biyu a gidan mahaifinsa don gudun sayen fili: dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, ga ruwa ga wuta ga kaka mai riƙon yara, amma ƙasan ta magada ce duka. A tara ƴan'uwa tun tsoho na da rai, a rubuta cewa ginin na wane ne da yadda za a yi da shi ranar rabo.

To an samu fili, an samu takarda. Kuskure na gaba shi ne zanen gida. Mutum mai ƙarfin ɗaki da falo sai ya sa a zana masa ɗaki huɗu da falo biyu da dal, wato rufin kankare, ya zuba duk abin da ya tara a fondasiyo, kuɗi su ƙare. Ga haya yana biya, ga kango yana kallo, rodin da aka bari a tsaye yana tsatsa, awakin unguwa sun samu wurin kwana. Ku zaga Yamai 2000 ko Cangarai ko bayan filin jirgi ku ƙirga irin waɗannan kangaye. A zana babban gidan a takarda, babu laifi, don a san inda kowane abu zai zauna, amma a gina ɓangaren da za a iya rufewa a shiga cikin shekara ɗaya ko biyu. Ranar da aka daina biyan haya, kuɗin hayar ne zai gina sauran.

Ga lissafin ɗaki da falo, ɗaki 4 a kan 4, falo 4 a kan 5, tsayi mita 3. Tsawon bango duka mita 30 ne, wato murabba'in mita 90, a cire ƙofofi da tagogi ya rage kamar 82. Birki mai lamba 15 guda 12 da rabi ke shiga murabba'in mita ɗaya, don haka ana bukatar wajen 1,100 har da na fashewa. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da fiye da birki 30 ba. Buhu 37 ke nan. Ɗora su zai ci kamar buhu 20, yaɓe ciki da waje kamar 17, daɓen ƙasa mai kaurin santimita 8 shi ma kamar 17, fondasiyo da poto da shenaj, wato ɗamarar kankare mai ɗaure bango, wajen 30 ko fiye, gwargwadon ƙasar wurin. A taƙaice tan 6 zuwa 7, tunda buhu 20 ne tan. A Oktoban 2024 hukuma ta rage kuɗin siminti mai lamba 32.5 da kashi 35 cikin 100, kuma an ji sauƙin, amma siminti ba shi kaɗai ne gini ba: ga rodi, ga tsakuwa, ga rairayi, ga kwano, ga ƙofofi, ga kuɗin hannu.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne katanga. Kewayen fili mai 15 a kan 20 mita 70 ne. A tsayin mita 2, birki 1,750 ke nan, fiye da na ɗaki da falon gaba ɗaya. Mutane da yawa katanga da ƙofar ƙarfe mai ado ke cinye musu kuɗin ɗaki. A kafa poto a kusurwa huɗu kan bornoni, a ɗora layi uku ko huɗu don iyaka ta fito, a kare sauran da zana har a samu hali. Idan maƙwabci ya riga ya yi tasa, a zauna da shi a biya rabi a jingina, amma a rubuta, don gobe kada ɗansa ya ce a cire masa kwano daga bango.

Inda ake cutar mai gini kuwa sananne ne. Birkin kasuwa da aka buga 45 ko 50 a buhu, ka murza gefensa da yatsa ya zube. Ka ɗaga shi daidai ƙirji ka saki, ya watse. Gara a sayi siminti a kira masu bugu su buga a filin, ana tsaye ana ƙirga buhu. Bayan bugu, ban ruwa safe da yamma kwana bakwai, a inuwa ko a rufe da buhu, don siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. Zafin Afrilu mai wuce digiri 40 yana ƙona birki a wuni ɗaya, ya yi fari ya yi kyau a ido alhali cikinsa gari ne. Kankare na poto da shenaj buhu 7 ne a mita kub ɗaya: kowane buhu baro ɗaya na rairayi, baro biyu na tsakuwa. Leburori na son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi musu laushi, ruwan nan kuwa shi ke kashe ƙarfinsa. Rairayi ya zama mai tsabta. A damƙa a hannu, in ya bar jan shafi a tafin hannu akwai laka, yaɓe zai tsattsage. Poto rodi huɗu ne masu lamba 10, da zobba na lamba 6 kowane santimita 15, kankare ya rufe ƙarfen da santimita 2 da rabi zuwa 3, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta fasa poton daga ciki. A auna kaurin rodi a shago, a auna tsawonsa, mita 12 ne sanda. Akwai lamba 10 da in ka sa ma'auni 8 ne da ɗan kai. Shenaj biyu, na ƙasa da na sama, ba a tsallake ko ɗaya, musamman a kan laka.

Daɓen ɗaki ya ɗara titi da santimita 40 zuwa 60. Wannan magana a riƙe ta da kyau. Unguwa sabuwa titinta a ƙasa yake, amma ranar da aka zo aka zuba jar ƙasa ko aka shimfiɗa pabe, titi ya hau, gidan da aka gina daidai da ƙasa ya koma rijiya, ruwan layi duka a falonsa zai sauka. Ciko na yau ya fi araha a kan ɗaga rufi gobe.

Hadarin Yamai daga gabas yake tasowa da iska a gabansa, saboda haka bangon gabas ne ke shan duka, na yamma ke shan rana. Tagogi su fi yawa kudu da arewa. Ƙarfen da kwano ke kwance a kai a ɗaure shi da rodi lamba 6 da aka binne cikin shenaj tun ranar zubi, ba a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi ana fatan alheri ba. Kwano mai sirara kamar takarda shekara kaɗan yake yi. A bar ramukan iska tsakanin silin da kwano, in ba haka ba ɗakin tanda ne daga Maris zuwa Yuni. Indararo kuma a share shi kafin ruwan farko.

Kada a raina ƙasa. Ɗakin laka ya fi na siminti sanyi nesa ba kusa ba, kuma an ga abin da birkin ƙasa matsattse ke iya yi a gidajen da aka gina a unguwar Yamai 2000 a 2016 da masallacin Dandaji a jihar Tawa. Abin da ke kashe ginin ƙasa biyu ne, ƙafa da kai: ruwa ya kwanta a gindinsa, ko rufi ya zubo masa. A yi masa tushe na dutse ko birkin siminti cikakke har santimita 50 sama da ƙasa, a fito da bakin kwano ya kare bango. Yaɓen siminti kai tsaye a kan laka kuwa ba ya kamawa, don ba tare suke motsi da zafi da sanyi ba. Yana ɓamɓarewa faifai-faifai, ruwa ya shige bayansa yana ci ba a gani. Sai an kafa ƙusoshi an ja waya ko raga kafin a yaɓa. Salga da gologo a nesanta su da rijiya aƙalla mita 15, taka ko ta maƙwabci, kuma a haƙa su ta gefen titi inda motar kwasa za ta iya kaiwa.

Mai tara kaya a hankali kada ya tara siminti. Wata biyu zuwa uku ya fara daskarewa, ko da a kan katako yake. A mayar da kuɗin adashe birki, ko rodi, ko ƙofa da taga, su ba sa lalacewa in an adana. Magini kuma a yi ciniki da shi mataki-mataki, fondasiyo, linta, rufi, yaɓe, kowane mataki a biya bayan an gani. Wanda ya ba da kuɗin aiki duka tun farko ya sayi bin sawu.

Saura tambayar da ƴan Adar da ke aiki a Yamai ke yawan yi: a nan zan gina ko a Tawa? A Tawa fili ya fi sauƙi, dutse na nan kusa, simintin Malbaza a jihar ake yinsa, ga dangi. Amma tsakanin garuruwan biyu fiye da kilomita 500 ne, kuma gidan da ka gina a can ba zai cire maka ko dala ta hayar Yamai ba. Idan aikinka da makarantar yaranka a nan suke na shekara goma masu zuwa, gidan farko a nan ya kamata ya tsaya, ko da murabba'in mita 200 ne. Idan kuwa ma'aikaci ne da ake yi wa canjin wuri duk bayan shekara uku, ko ɗan ci-rani da iyalinsa ke gida, to Tawa ta fi, da sharaɗin a duba maganar ruwa da kyau, don a can rijiya ba wasa ba ce, unguwar da famfo bai kai ba tana wahala da rani. Gini daga nesa kuma yana da ciwonsa: ana aiko kuɗin tan biyu a sayi ɗaya, a turo hoton bangon wani. Ba kullum mugunta ba ce, wani lokaci rashin lafiya ce ta taso a gida aka taɓa. A raba mai riƙe kuɗi da mai sayen kaya, a biya shago kai tsaye, a zo da kai ranar zubin fondasiyo da ranar rufi.

Malam Edita, roƙonmu ga hukuma ta bakin jaridarka guda biyu ne, kuma ba masu cin kuɗi ba ne. A liƙa jerin lotismar da ke da izini, da taswirarsu, a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari ta gundumomi biyar na Yamai da ta Tawa, a kuma karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Sannan wuraren da aka san ruwa na kwanciya a kafa musu alama da siminti tun kafin a yanka, yadda mai saye zai gani da idonsa ko da a watan Afrilu ya je. Ku ma ƴan jarida, da za ku riƙa buga kuɗin tan na siminti da sandar rodi da motar rairayi duk mako kamar yadda ake faɗin kuɗin buhun hatsi, da magidanta sun san abin da za su tarar kafin su shiga Katako.

Wassalam.

Daga wasu magina da masu awon filaye,
Yamai.